MAƘABARTA GIDAN KOWA: DARASI A KAN AIKIN GAYYA DON KIYAYE KUSHEYI DA HALITTUN DA KE ZAUNE CIKINSU

GABATARWA

Duk wanda ya shiga gari yana son sanin tarbiyyar mutanensa, ya je ya dubi maƙabartarsu. In ya tarar da ita a kewaye, hanyoyinta a share, itatuwanta suna ba da inuwa, ya san ya sauka wurin mutane masu girmama iyayensu. In kuwa ya tarar awaki suna kiwo bisa kaburbura, an mai da gefenta juji, masu gini sun ci rabinta, to, ba sai an gaya masa kome ba.

Akwai kuma wani al'amari da ba kowa ya lura da shi ba. A manyan biranen ƙasar nan gine-gine sun cinye gonaki da fadamu da ƙananan dazuzzukan da ke kewaye da gari. Sau da yawa tsohuwar maƙabarta ita kaɗai ta rage inda ƙasa ke kwance yadda Allah ya yi ta, babu garma, babu siminti. Saboda haka tsuntsaye da ƙananan dabbobi da tsirrai waɗanda aka kora daga ko'ina, can suke samun mafaka.

Manufar wannan darasi ita ce a nuna wa jama'a yadda za su haɗa kai su kula da maƙabartarsu ta hanyar da za ta kiyaye mutuncin mamata, ta kare lafiyar masu rai, ta kuma bar wa sauran halittu wurin zama. An ɗauki unguwar Sabo ta birnin Ibadan a matsayin misali, amma darasin ya shafi kowane gari daga Ikko har Sakkwato.

KASHI NA ƊAYA: SABO DA TARIHINTA

Ibadan, wadda Hausawa ke kira Badun, ta kafu wajen shekarar 1829 a matsayin sansanin yaƙi. Hanyar jirgin ƙasa ta iso ta daga Ikko a 1901, ta kai Kano a 1911. Daga nan fataucin goro da shanu tsakanin Kurmi da Arewa ya bunƙasa, Hausawa suka yawaita a garin. A 1916 aka keɓe musu unguwar Sabo, kusa da Mokola, aka naɗa musu sarki. Wani masanin zaman jama'a mai suna Abner Cohen ya zauna cikinsu a 1962 da 1963, ya tarar da mutum kamar 4,000 a unguwar, ya kuma wallafa littafi a kansu a 1969. A cikin bayaninsa akwai yadda ɗarikar Tijjaniyya ta yaɗu a unguwar a farkon shekarun 1950, da yadda suka tsai da masallacin Juma'arsu.

Daga 1916 zuwa yau an wuce shekara 100. Fatake da dillalai da mahauta da malamai da matan aure da jarirai, zuriya bayan zuriya, sun cika a Badun, an rufe su a ƙasarta. Yawancinsu ba su bar takarda ko gini ba, kusheyinsu ne shaidar cewa sun zauna a nan. Duk al'ummar da ta bari kaburburan kakanninta suka ɓace, ta rasa wani babban ɓangare na hujjar zamanta a wurin. Wannan ya shafi Hausawan Shasha da Ojo da Bodija, da na Shagamu da Agege, da na zangunan Kumasi da Ankara ta ƙasar Gana.

A Arewa ma haka abin yake. Hubbaren Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, yana Sakkwato ana ziyartarsa. Maƙabartar Ɗanmarna a Katsina ta samo sunanta daga waliyyin da ke kwance a cikinta, a nan kuma aka rufe Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a watan Mayu na 2010. Maƙabartar Ɗandolo a Kano tana ɗauke da dubban bayin Allah. Waɗannan wurare littattafan tarihi ne da aka rubuta da ƙasa.

KASHI NA BIYU: DALILIN TARUWAR HALITTU A MAƘABARTA

Dalilai huɗu ne suka sa tsohuwar maƙabarta ke tara halittu.

Na farko, ba a nomanta. Ciyayi da tsirran asali waɗanda garma da taki da maganin feshi suka kawar daga gonaki suna samun damar yin fure su zub da iri.

Na biyu, mutane suna jin nauyin sare itacen maƙabarta, don haka itatuwa kan tsufa su yi kogo. Kogon tsohuwar bishiya shi ne ɗakin mujiya da cilakowa da ƙudan zuma da ƙananan jemagu masu cin ƙwari.

Na uku, wurin shiru ne. Babu hayaniyar kasuwa, babu hasken lantarki da dare, maharba ma kan kauce masa.

Na huɗu, wurin ya haɗa inuwa da sarari, tudu da kwari, busasshen itace da ɗanye. Kowace halitta tana samun irin wurin da ya dace da ita.

Masana sun gwada wannan magana. A ƙasar Turkiyya an zagaya maƙabartu 300, aka wallafa sakamakon a 2015. An sami wasu furannin daji masu wuyar samu, na dangin da Turawa ke kira okid, a fiye da 200 daga cikinsu, irinsu ya haura 80. A Maroko kurmin da ke kewaye da kusheyin waliyyai shi ne ragowar dajin asali a wurare da dama. A birnin Balin na Jamus an ƙidaya halittu fiye da iri 600 a wata maƙabartar Yahudawa da aka buɗe a 1880.

Ba sai an je nesa ba ma. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Ƙasashe Masu Zafi, wato IITA, wadda aka kafa a Ibadan a 1967, ta kewaye filinta ta bar wani sashe ya huta. Yau sashen ya zama kurmi mai faɗin hekta 350 ko kusa da haka, ana ganin tsuntsaye fiye da iri 200 a harabar. A Ibadan ne kuma wani malamin jami'a, John Elgood, ya bayyana wa duniya wani tsuntsu mai launin baƙi da ja a 1958, aka sa masa sunan garin. Ba a samunsa ko'ina a duniya sai kudu maso yammacin Nijeriya, yana kuma cikin jerin masu fuskantar ƙarewa. Abin koyi a nan shi ne shinge da haƙuri kaɗai suna iya mai da fili kurmi.

KASHI NA UKU: AMFANIN DA JAMA'A KE SAMU

Mai karatu yana iya tambaya, ina ruwan mai neman abinci da mujiya ko bushiya? Ga amsa.

Mujiya, wadda ake tsana ba gaira ba dalili, tana cin ɗaruruwan ɓeraye a shekara. Ɓera kuwa shi ke yaɗa zazzaɓin Lasa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lasa na Jihar Borno ta yanzu, wadda ke kashe mutane kowane rani. Bushiya da hawainiya da kwaɗo da tsattsewa suna rage ƙwari. Tunku yana kama ɓera da maciji. Ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi suna kai garin fure daga wannan tsiro zuwa wancan, shi ya sa mangwaro da kabewa da kuɓewa na lambunan maƙwabta ke yin 'ya'ya. Manyan jemagu masu cin 'ya'yan itace, irin waɗanda aka san Lambun Agodi da harabar Jami'ar Ibadan da su, suna yaɗa irin loko da ɓaure. A Gana an bi sawunsu aka ga suna iya kai iri nisan kilomita 75.

Ungulu ta isa zama gargaɗi. A da babu mahautar da ba ta cika da ita. Guba da cinikin sassan jikinta don tsibbu sun rage ta ƙwarai, har a 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Mushen da take sharewa kyauta, yanzu karnuka da ƙudaje ke bi.

Ita kanta maƙabartar tana amfana da tsirranta. Ruwan da ke sauka a Ibadan cikin shekara ya haura milimita 1,200, garin kuma tuddai ne. Mutanen Badun ba su manta da ambaliyar kogin Ogunpa ta ranar 31 ga Agusta 1980 ba, ko ta 26 ga Agusta 2011 wadda ta ci rayuka fiye da 100. Ƙasar da aka kankare tsirara ruwa ke kwashe ta, kabari ya rufta, wani lokaci har abin da aka suturta ya fito fili. Saiwar ciyawa ita ke riƙe ƙasa, saiwar bishiya kuma tana shanye ruwan da zai kwanta.

KASHI NA HUƊU: ABIN DA ADDINI DA DOKA SUKA TANADA

Maƙabartar Madina sunanta Baƙi'ul Garƙad, garƙad kuwa wani itace ne mai ƙaya da ke tsirowa a wurin. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya raba ɗanyen reshen dabino biyu ya kafa bisa wasu kaburbura biyu, yana fatan a sassauta wa masu su muddin reshen bai bushe ba. Malamai sun yi saɓani a kan ko hukuncin ya game kowa, amma da yawa daga cikinsu sun kafa hujja da shi a kan kyawun barin ɗanyen tsiro a kan kabari. Sun kuma ruwaito cewa wanda ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga gare shi, an rubuta masa ladan sadaka.

A littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Sabo da na Arewa, Muhtasar ya bayyana kabari a matsayin hubusi, ba a taka shi, ba a tone shi muddin akwai sauran mamaci a ciki. Risala ta karhanta gini bisa kabari da shafe shi da farar ƙasa. An hana zama bisa kabari da yin bahaya a tsakaninsu. Duk wani aikin gyara dole ya bi waɗannan iyakoki. Kiristoci ma suna keɓe filin kusheyinsu da addu'a, tsofaffin majami'u irin ta Kudeti, wadda asalinta ke komawa ga zaman David Hinderer a Ibadan daga 1853, suna da nasu tarihin da ya cancanci kulawa.

Ta fuskar doka, Tsarin Mulki na 1999, a Jadawali na Huɗu, ya ɗora wa ƙananan hukumomi kafa maƙabartu da kula da su. Sabo tana ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Ibadan ta Arewa. Dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta hana farauta da cinikin wasu nau'o'in namun daji. Ƙa'idojin muhalli na 2011 sun taƙaita ƙona daji da ƙona shara a fili. Tone kabari ko taɓa gawa ba bisa ƙa'ida ba laifi ne babba a dokokin Kudu da Arewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a wani rahoto na 1998, ta ba da shawarar kada a rufe gawa ƙasa da mita 250 daga rijiya ko burtsatsen da ake sha, ko ƙasa da mita 30 daga rafi ko maɓuɓɓuga, gindin kabari kuma ya kasance aƙalla mita 1 sama da inda ruwan ƙasa ke tsayawa. Masu haƙa rijiya a gidajen da ke manne da maƙabarta su kula da wannan.

KASHI NA BIYAR: YADDA WASU SUKA YI

A birnin Landan akwai manyan maƙabartu da aka buɗe a ƙarni na 19, suka cika, kamfanonin da ke riƙe da su suka kasa, daji ya rufe su, ɓata-gari suka mai da su maɓoya. Ta Highgate an buɗe ta a 1839. A 1975 mutanen unguwa suka kafa ƙungiyar sa kai suka karɓi kulawa da ita. Ta Tower Hamlets an buɗe ta a 1841, aka daina binnewa a 1966, aka kafa ƙungiyar masu kula da ita a 1990. Yau hukuma ta amince da ita a matsayin wurin kiyaye halittu, 'yan makaranta suna zuwa koyon sanin tsirrai da ƙwari.

Ba kome nasu ne zai dace da ƙasar nan ba. Su sun mai da wasu maƙabartunsu wurin shan iska, a nan kuwa maƙabarta wurin wa'azi ne da addu'a, yawancinsu ma ana kan binnewa a ciki. Abin ɗauka daga gare su abu biyu ne: ba su zauna jiran hukuma ba, sun kuma yi aikin bisa tsari a rubuce.

Aikin haɗa hannu ba baƙo ba ne a nan. Bahaushe yana da gayya, Bayarabe yana da irinta da yake kira owe. A garuruwa da dama masu haƙar kabari sun shafe shekaru suna yi don Allah, ba su da albashi. Abin da ya rage shi ne a tsara wannan kyakkyawar al'ada, a ƙara mata ilmi.

KASHI NA SHIDA: KAFA ƘUNGIYA

1. A fara da neman izni. A sanar da sarkin unguwa da limamai da masu unguwanni, a kai takarda ga ƙaramar hukuma, musamman sashen duba-gari.

2. A kira taro a zaɓi shugaba da magatakarda da ma'aji. Wajibi ne masu haƙar kabari su sami wakili, domin su suka san inda kowa yake kwance da inda ruwa ke bi.

3. A nemi takardar filin. In babu, a sa ma'aunin ƙasa ya auna, a kafa duwatsun iyaka, a ajiye taswira a wuri uku: fadar sarki, masallaci da ofishin hukuma. Maƙabartar da ba ta da takarda, kullum tana bakin kura.

4. A buɗe littafin rajista, a riƙa rubuta sunan mamaci da ranar rasuwa da layin da aka sa shi. A zauna da dattawa a rubuta abin da suka tuna na tsofaffin kusheyi tun suna raye. Maƙabartar sojojin Yaƙin Duniya na Biyu da ke Jericho a Ibadan misali ce ta amfanin rajista, domin bayan shekaru 80 ana iya zuwa kai tsaye ga kabarin wanda ake nema.

5. A tsai da karo-karo daidai ƙarfin jama'a. Ƙungiyoyin 'yan goro da mahauta da direbobi da 'yan canji suna iya ɗaukar nauyin wani sashe na katanga ko albashin mai gadi. A karanta lissafin kuɗi a bainar jama'a kowane wata uku. Rashin bayyana lissafi shi ya fi kome kashe ƙungiyoyi.

6. A ba kowa aikin da ya dace da shi. Matasa su riƙe adda da lauje. Mata, a inda al'ada ba ta sakar musu shiga ba, suna iya renon dashe a gida da tara gudummawa. Ɗalibai su rubuta tsuntsaye da itatuwan da aka gani.

7. A nemi shawarar masana. Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Nijeriya tana Jericho a Ibadan. Akwai lambun tsirrai na Jami'ar Ibadan, da Gidauniyar Kiyaye Halittu ta Nijeriya wadda aka kafa a 1980. A jihohi kuwa akwai ma'aikatun gandun daji masu wuraren renon dashe.

KASHI NA BAKWAI: RABA FILI GIDA UKU

Gardamar da ta fi tasowa ita ce tsakanin masu son a kankare wuri ƙal, da masu son a bar kome. Duka biyu akwai kuskure. Wanda ya kankare ya gayyato zaizayar ƙasa, wanda ya bari ya gayyato macizai da ɓarayi da gobara. Mafita ita ce a raba filin gida uku.

Gida na farko shi ne hanyoyi da bakin ƙofa da sashen da ake binnewa yanzu. Nan a riƙa yanke ciyawa gajere kullum, hanya ta yi faɗin da masu ɗauke da makara za su wuce a sake, ƙafar kowa ba ta hau kabari ba.

Gida na biyu shi ne tsofaffin kusheyi da aka daina binnewa. Nan a bar ciyawa mai shimfiɗa irin kiri-kiri ta rufe ƙasa, a yanke dogayen ciyayi da lauje sau biyu ko uku a shekara bayan sun zub da iri, a kwashe abin da aka yanka a tara a lungu ya ruɓe ya zama taki.

Gida na uku shi ne gefen katanga da kusurwoyi da inda babu kabari. Nan ne wurin manyan itatuwa da shinge mai rai. A bar busasshen kututture da tarin rassa a wuri ɗaya nesa da hanya, domin bushiya da ƙadangaru da ƙwari.

Game da dashe, a fifita itatuwan ƙasa. A Kurmi akwai loko da rimi da tsadar Masar da aduruku, wanda Yarbawa ke kira akoko, reshensa kawai ake kafawa ya kama, yana kuma yin shinge mai kyau. A Arewa akwai kuka da tsamiya da kanya da ɗorawa da kurna da aduwa da maɗaci, ga magarya wadda ake amfani da ganyenta wajen wankan gawa. Durumi da ceɗiya da gamji suna tara tsuntsaye ƙwarai, amma saiwarsu tana fasa katanga tana ratsa kabari, sai a nisanta su. Kada a dasa babbar bishiya bisa kabari ko dab da shi. A gangare a jera jema a kan layi don tare ruwa.

Yana da kyau a keɓe kusurwa ɗaya a dasa dogon yaro don itacen rufe kabari. Yana tohowa bayan an sare shi, gara ba ta cika cinsa da wuri ba. Wannan zai hana a riƙa faɗa wa tsofaffin itatuwa duk ranar da aka yi rasuwa. Sai dai a riƙa tuge 'ya'yansa da ke tsirowa ko'ina, don kada ya mamaye wurin.

KASHI NA TAKWAS: AIKIN SHEKARA

Damina a Ibadan tana farawa wajen Maris ko Afrilu, ta ɗan tsagaita a Agusta, ta ƙare wajen Oktoba. A Arewa kuwa daga Yuni ne zuwa Satumba. Kowa ya daidaita wannan tsari da garinsa.

Kafin saukar ruwa: a yashe magudanai, a cike kaburburan da suka lotsa, a gyara katanga, a haƙa ramukan dashe.

Farkon damina: a yi dashe bayan ruwa ya zauna, wato Mayu ko Yuni a Kurmi, Yuli a Arewa. Ranar Muhalli ta Duniya, 5 ga Yuni, ta dace da gayyar dashe a Badun. A kewaye kowane dashe da ƙaya ko kwando.

Tsakiyar damina: a riƙa share hanyoyi akai-akai. Lokacin ne tsuntsaye da yawa ke sheƙa, saboda haka a dakata da sassabe manyan rassa.

Ƙarshen damina: a tuge ciyawar nan da Yarbawa ke kira Akintola ko Awolowo tun daga saiwa, kafin ta yi fure da shigowar rani. Baƙuwa ce daga nahiyar Amurka, tana danne kowane tsiro, in ta bushe kuma wuta take jira. A share zagayen katanga ciki da waje don tare gobara.

Rani: a shayar da dashe, a rage rassan da ke barazanar faɗowa, a ajiye kasko da ruwa a inuwa don tsuntsaye, a riƙa sauya ruwan duk bayan kwana biyu don kada sauro ya hayayyafa.

KASHI NA TARA: ABUBUWAN KIYAYEWA

Kada a sa wuta. Tana ƙona ƙwai da ƙananan dabbobi da dashe, tana cin alamomin kaburbura, tana iya tsallakawa gidajen maƙwabta, ga kuma rashin ladabi ga mamata.

Kada a yi feshin maganin kashe ciyawa a kan kusheyi, domin yana barin ƙasa tsirara, ruwa kuma ya kwashe shi zuwa rijiyoyi.

Kada a zuba gubar ɓera. Mujiya ko shirwa da ta ci ɓeran da ya sha guba ita ma mutuwa take yi.

Kada a bar awaki da shanu da aladu da karnuka su shiga. A hana harbi da danƙo da ɗana tarko da zubar da shara.

Akwai dabbobin da ba za a ƙyale su a tsakanin kusheyi ba. Gafiya tana haƙa rami, ruwa ya bi ramin. In an ga raminta kusa da kabari a toshe shi da duwatsu da ƙasa, in ta nace a kama ta. Magabata ma sun riƙa jibga ƙaya bisa sabon kabari saboda kura. Mutuncin mamaci yana gaba da jin daɗin dabba.

Game da macizai, kowane ma'aikaci ya sa doguwar takalmin roba da safar hannu, kada ya zura hannu a rami ko ƙarƙashin tarin itace, kada kuma a yi aiki mutum ɗaya. In maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A kwantar da shi, a hana gaɓar motsi, a garzaya da shi asibiti. Mutanen Sabo suna kusa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, wanda aka buɗe a 1957. Kada a taɓa jemage ko mataccen ɓera da hannu. Hukuncin cin 'ya'yan itacen maƙabarta ko sayar da su don amfanin wurin, a mai da shi ga malamai.

KAMMALAWA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum ashirin da suka ba da safiyar Asabar ɗaya a wata sun isa su canza kamannin maƙabarta cikin shekara biyu. Itacen da suka dasa zai yi wa masu rakiyar gawa inuwa, kurciya ta yi sheƙa a kansa, saiwarsa ta riƙe ƙasar da ke rufe da iyayensu. Kowane ɗaya daga cikinsu kuma ya san wata rana a kafaɗa za a shigo da shi ta wannan ƙofa. Abin da ya shuka, shi zai tarar. Allah ya jiƙan magabata, ya kyautata ƙarshen na baya.

TAMBAYOYI DON NAZARI

1. A wace shekara aka kafa unguwar Sabo ta Ibadan, wane fatauci ne kuma ya tara Hausawa a can?

2. Kawo dalilai huɗu da suka sa halittu ke taruwa a tsohuwar maƙabarta.

3. Wace hukuma Tsarin Mulki ya ɗora wa kula da maƙabartu?

4. Mita nawa ya kamata ya raba kabari da rijiyar sha?

5. Bayyana yadda ake raba filin maƙabarta gida uku, da aikin da ake yi a kowane gida.

6. Me ya sa aka hana sa wuta da zuba guba a maƙabarta?

7. A tattauna a aji ko a zaure: wane mataki na farko unguwarku za ta ɗauka cikin wannan wata, wa kuma zai jagoranta?